Da na buɗe kwamfuta don aiki, sai in tsinci kaina a Facebook

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne mai aure da 'ya ɗaya, ina aiki a shagon kawuna a Samaru, Zariya, inda muke taifin da fotokofi da buga takardu. Yawancin masu kawo mana aiki ɗalibai ne, musamman masu rubuta kundin kammala karatu, kuma ni ne a kan kwamfuta. Matsalata ita ce na kasa tsayawa a kan aiki. Ta WhatsApp ɗalibai suke turo mini rubutunsu da gyare-gyaren malamansu, don haka kullum a buɗe yake a kwamfutar. Da na shiga ɗauko fayil ɗaya sai idona ya faɗa kan zauren 'yan ajinmu ko na dangi, daga nan sai Facebook, daga nan sai YouTube in kalli ƙwallayen da aka ci jiya. Kafin in farga an kira Azahar ban buga abin kirki ba. Wani lokaci ma inji na shan mai ni kuwa ina kallon bidiyo.

Kwanan baya wata ɗaliba ta kawo kundinta, na yi mata alkawarin Laraba, ban gama ba. Da na yi shi a gaggauce sai na cika jadawalin alƙalumanta da kurakurai, malaminta ya dawo mata da shi. Ta zo shagon tana kuka. Kawu ya yi mini faɗa a gaban mutane, ya ce in ba zan iya ba in faɗa masa ya nemo wani. Yanzu da ragowar aiki nake tafiya gida a laftof, sai ɗayan dare ina bugawa, har maiɗakina ta fara ƙorafi. Na sha goge Facebook, kwana biyu in mayar da shi. WhatsApp kuma ba zan iya rufewa ba, don ta nan abincinmu yake shigowa. Na fara zargin ko lalaci ne ya kama ni, ko kuma aikin ne ba nawa ba. Shin in haƙura in bar shi?

Daga wani mai karatu a Samaru, Zariya.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in fara sauke maka wani kaya da ka ɗora wa kanka: ban ga lalaci a wasiƙarka ba. Malalaci ba ya kaiwa ƙarfe ɗayan dare yana biyan bashin aikin rana, kuma hawayen ɗaliba ba sa bin sa har gida. Ni abin da na gani shi ne mutum mai kishin aikinsa wanda yake zaune a gaban na'urar da ta haɗa masa wurin sana'a da dandalin hira a allo ɗaya. Sai dai wannan ba zai sa in wanke ka tas ba. Kundin yarinyar nan amana ce a hannunka, shekarunta na karatu da kuɗin iyayenta duk suna cikin waɗannan shafuka, kuma kai da bakinka ka ce Laraba. Zafin da kake ji a zuciya yana kan hanya. Fatana shi ne ya kai ka ga gyara, kada ya tsaya a cizon yatsa.

Yana da kyau ka san cewa abin da yake damunka an daɗe ana auna shi. Wata farfesa a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine a Amurka, Gloria Mark, ta shafe kusan shekara 20 tana lissafa tsawon lokacin da ma'aikata suke tsayawa kan abu ɗaya a allon kwamfuta kafin su tsallaka wani. A 2004 ta samu kimanin sakan 150, wato minti biyu da rabi. A 2012 ya sauko zuwa sakan 75, a 'yan shekarun nan kuma ya koma kusan sakan 47. Abin da ya fi jan hankalina a bincikenta shi ne kusan rabin katsewar da ake samu ba wani ne ya kira ko ya ƙwanƙwasa ƙofa ba, mutum ne yake katse kansa da kansa. Kuma idan aiki ya katse, akan yi fiye da minti 20 kafin a dawo kansa, domin yawanci sai an bi ta wasu abubuwan tukuna. Ka ɗora wannan lissafi a kan safiyarka, daga buɗe shago zuwa Azahar, za ka ga inda awoyin suke zurarewa.

Akwai kuma asarar da ba ta bayyana a agogo. A 2009 wata mai bincike, Sophie Leroy, ta nuna cewa idan mutum ya bar wani abu ya koma wani, wani ɓangare na hankalinsa yakan zauna maƙale a abin da ya baro, musamman in bai kammala shi ba. To ka duba abin da ya faru da jadawalin ɗalibar nan. Yatsunka suna kan kibod, idonka yana kan takarda, amma kanka yana can cikin gardamar da ka bari a zauren 'yan aji. A haka ne 37 take komawa 73, a tsallake layi guda ba a sani ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Su kuma waɗannan shafuka da gangan aka gina su don su riƙe mutum, tunda da lokacin da kake ɓatawa a kansu suke sayar da talla. Shafin da ba ya ƙarewa, wanda kana ja yana ƙara zubo sabo, wani injiniya mai suna Aza Raskin ne ya ƙirƙiro shi a 2006, kuma daga baya shi da kansa ya fito ya ce ya yi nadama. Bidiyon da yake kunna na gaba ba tare da ka taɓa komai ba shi ma don a riƙe mutum aka yi shi.

Na kawo maka waɗannan ne don ka daina dogaro da ƙarfin zuciya kaɗai. Ai ka riga ka gwada shi, ka goge Facebook ka mayar, ka sake gogewa. Mutumin da yake kokawa da zuciyarsa kowane minti biyar yakan gaji tun kafin la'asar, kuma gajiyar nan daga aikin ake zare ta. Abin da nake so ka yi shi ne ka yanke hukunci sau ɗaya, da safe, lokacin da kanka yake a sake, sannan ka tsara kwamfutar da wayar da mutanen da ke kewaye da kai yadda hukuncin zai tsaya ko da zuciyar ta yi rauni da hantsi.

Gaskiyarka ce, WhatsApp ba zai rufu ba, ta nan aiki yake zuwa. Amma karɓar aiki daban, yin aiki daban, kuma kai ka cakuɗa su. Yadda kake yi yanzu kamar a riƙa aiken mutum sayen gishiri ne a kasuwar Sabon Gari sau ashirin a yini. Ko wane ne shi sai ya tsaya gaisawa, sai ya leƙa rumfar da ba a aike shi ba. Ka mayar da zuwan sau uku: da safe kafin ka fara bugu, bayan Azahar, da bayan La'asar. Sallolin nan sun riga sun yanka maka yini gida-gida, ba ka buƙatar wani sabon jadawali. Duk lokacin da ka shiga, ka ba kanka kamar minti 15 zuwa 20. Ka sauke dukkan fayilolin da aka turo, kowane ɗalibi da foldarsa da sunansa, ka amsa saƙonnin aiki, ka rubuta a littafi wanda ya turo me da ranar da ka yi masa alkawari. Daga nan kada ka rufe shafin kawai, ka fita daga WhatsApp ɗin kwamfutar gaba ɗaya, yadda in za ka koma sai ka ɗauko waya ka sake haɗa su. Wannan 'yar wahalar ta sakan talatin tana da amfani ƙwarai, domin a cikinta ne hankali yake samun damar tambayar ka ina za ka.

Sannan ka yanke intanet ɗin. Wannan ita ce shawarar da na fi ba ƙarfi a duk abin da zan gaya maka, kuma ba ta cin ko kwabo. Word da Excel ba sa buƙatar intanet kafin su yi aiki, firinta ma haka. In da waya kake ba kwamfutar data, ka kashe. In modem ne, ka zare ka miƙa wa yaron da ke kan fotokofi ko ka jefa a aljihun teburin kawu. Za ka ga har kuɗin data ya ragu. Ayyukan da dole sai da intanet, irin su rajistar ɗalibai ko fitar da takarda daga shafin makaranta, ka tara su zuwa ɗaya daga cikin lokutan nan uku gwargwadon iko. In kuma yawansu ba zai bari ba, ka sa wa burauzar shagon wata 'yar manhaja ta kyauta mai suna LeechBlock NG, tana aiki a Firefox da Chrome. Za ka rubuta mata shafukan da kake so ta toshe da awoyin da za ta toshe su, Facebook da YouTube da TikTok daga takwas na safe zuwa biyar na yamma misali, kuma tana karɓar kalmar sirri. Kada kai ka riƙe kalmar. Ka ba wani ya shigar da ita. Saƙonnin da suke faɗowa a gefen allo su ma ka rufe bakinsu: a Windows 10 saitin yana da suna Focus assist, a Windows 11 kuma Do not disturb.

Wayar hannunka ita ce ta biyu, don in ka tsare kwamfuta ka bar waya a gefen kibod, ba ka yi komai ba. A 2017 Adrian Ward na Jami'ar Texas da ke Austin da abokan aikinsa sun gwada kusan mutum 800 da ayyukan da ke buƙatar natsuwa. Wasu wayarsu tana kan tebur a kife, wasu a aljihu ko jaka, wasu a wani ɗaki. Waɗanda wayarsu take wani ɗaki su suka fi ƙoƙari, na kan tebur su suka zo ƙarshe, alhali wayoyin ko ƙara ba sa yi. Don haka ka nema mata wurin da sai ka tashi tsaye kafin ka kai gare ta. Na san abin da zai zo maka a rai: in wani abu ya faru a gida fa? Saitin hana damuwa na wayoyin Android yana ba ka damar zaɓar mutanen da kiransu zai shigo, ka sa Hajiyarka da maiɗakinka da kawu, kuma kana iya barin duk wanda ya sake kira cikin minti 15 ya same ka. Zaurukan dangi da na 'yan aji ka sa su shiru na dindindin, ba sai ka fita ba balle a ce ka yanke zumunci. Rasuwa ko haihuwa, ɗan gida kiran sa ake yi, ba a barin sa ya tsinta a zaure.

Yanzu ga wani abu da nake so ka tsaya a kansa, domin manhaja ba ta maganinsa. Gobe ka sa wa kanka ido, ka lura da daidai lokacin da hannunka yake tafiya wajen buɗe wani shafi. Ina kyautata zaton ba lokacin da bugu yake tafiya sumul ba ne. Lokacin da ka iso wurin da rubutun hannun ɗalibi ya ƙi karantuwa ne, ko gyaran jan biro na malami ya hau kan wani gyaran, ko jadawali ya ƙi zama a shafi ɗaya, ko ka iso jerin manazarta mai gundura. Nan ne rai yake ɗan ƙuntata, sai ya nemi mafaka mafi kusa, mafakar kuwa dannawa ɗaya ce. In ka gane haka, ka san abokin faɗanka. Da ka iso irin wannan wuri, kada ka tsaya kana kallon sa har ya kore ka. Ka shafa masa launin rawaya a Word, ka wuce gaba. Duk wuraren da ka shafa ka tara su, bayan La'asar ka tura wa mai aikin a saƙo ɗaya: shafi kaza layi kaza, me ka rubuta? Ka ga aikin bai tsaya ba, kai ma ba ka yi hasashen da zai jawo kuskure ba.

Ka kuma ajiye farar takarda da biro a gefenka. Duk abin da ya faɗo maka, ko wa ya ci wasan jiya, ko nawa ake sayar da buhun masara yanzu, ko saƙon da ka manta ba ka amsa ba, ka rubuta shi layi ɗaya ka ci gaba da bugu. Yawanci zuciya tsoron mantuwa take yi, da ta ga an rubuta sai ta lafa. In lokacin dubawa ya yi za ka tarar rabinsu ma ba ka da sauran sha'awarsu. Haka in za ka tashi salla ko wani ya katse ka dole, ka rubuta inda ka tsaya da abin da za ka fara yi in ka dawo. Ita Leroy ɗin daga baya ta gano cewa wannan ɗan rubutu na minti ɗaya yana rage maƙalewar hankali sosai.

Ba na ce ka zauna awa huɗu ba motsi ba, babu mai iya wannan. Akwai tsarin da wani Ba'italiye, Francesco Cirillo, ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1980: aiki na minti 25, hutu na minti 5. Ga mai taifin ni na fi son ƙidayar shafi, don ita ake gani da ido: ka buga shafi biyar, ka tashi. Sharaɗin kawai shi ne hutun ya kasance nesa da allo. Ka miƙe, ka sha ruwa, ka leƙa bakin titi ka ga masu wucewa, idonka ma ya huta. Hutun minti biyar a YouTube ba ya taɓa tsayawa a biyar. Aikin da ya fi wuya kuma, irin jadawalin alƙaluma, ka ba shi farkon safiya kafin ɗalibai su fito daga lacca su cika shagon. Manzon Allah (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta, kuma duk mai sana'a ya san yadda aikin safe yake auki. Fotokofi da ɗaurin kundi da sauran abin da hannu yake yi ba sai da zurfin tunani ba, su a bar wa yamma. Batun inji kuma, kafin a tayar da shi ka jera duk abin da za a buga a folda ɗaya, yadda yana tashi firinta za ta fara aiki. Man da yake sha kuɗin kawunka ne, kuma ka fi ni sanin tsadarsa a yau.

Mu dawo kan mutane, don rabin gyaran a wurinsu yake. Ɗalibai sun saba da ka amsa musu nan take, kai ka koya musu haka, kuma kai za ka sauya musu. In da hali a samar wa shagon layinsa daban a sa masa WhatsApp Business, wanda yake iya mayar da amsa da kansa a lokutan da ka zaɓa. Rubutu kaɗan ya isa: mun ga saƙonka, muna duba saƙonni da safe, bayan Azahar da bayan La'asar, in na gaggawa ne ka kira ko ka zo shago. Ka rubuta irinsa a takarda ka manna a bango. Wasu za su yi guna-guni a makon farko, kowa gani yake nasa ne na gaggawa, musamman in lokacin miƙa kundi ya matso. Amma ɗalibin da yake Samaru ko Kongo yana jiran ranar kare kundinsa, abin da yake nema a wurinka shi ne ya zo ranar da ka ce ya tarar da aikinsa babu kuskure. Saurin amsa saƙo ba ya biya masa wannan buƙata.

Ita kuma ɗalibar da abin ya shafa, kada ka bari maganar ta wuce a haka. Ka neme ta ka ba ta haƙuri, ba tare da ka jingina laifin ga wuta ko yawan aiki ba. Ka gyara mata jadawalin kyauta, ku bi alƙaluman tare layi-layi, in ta sake kashe kuɗin bugu ka mayar mata daga aljihunka. In ta yafe, alhamdu lillahi. In ranta bai huce ba tukuna, haƙƙinta ne, kada ka matsa mata.

Kawu bai kyauta ba da ya yi maka faɗa a gaban jama'a, na san ya yi maka ciwo, kuma da ya ja ka gefe da ya fi. Amma ka tsaya a inda yake tsaye. Shi yake biyan haya, shi yake sayen mai da takarda da tawada, kuma sunan shagonsa ne yake yawo a bakin ɗalibai. Kundi ɗaya da ya lalace kan iya kore masa 'yan aji guda. Ga nauyin zumunci, ba zai iya sallamar ka kamar bare ba sai an yi magana a dangi, wataƙila wannan ma yana cikin abin da ya tunzura shi. Ka same shi a gida, ba a shago ba, bayan Magariba ko ranar Juma'a da yamma. Ka amsa laifinka, sannan ka shimfiɗa masa tsarin nan, ka roƙe shi ya riƙe maka kalmar sirrin, ya kuma amince da lokutan duba saƙo don kada shi ma ya riƙa tambayar me ya sa ba ka amsa wa wane ba. Akwai kuma tambayar da ya dace ku duba tare, amma sai bayan ka gyara naka ɓangaren: shin aikin da ake karɓa a lokacin rububi bai fi ƙarfin mutum ɗaya ba? Ka yi mako biyu kana rubuta yawan shafukan da ka buga kowace rana a cikin natsuwa. In lissafin ya nuna ko da ba ka leƙa ko'ina ba aikin ya fi ƙarfinka, to sai a rage karɓa, ko a tsawaita ranar alkawari, ko a ɗauko mai taimako na ɗan lokaci. Da alƙaluma a hannunka maganar za ta fi shiga kunnensa.

Maiɗakinka kuwa tana da gaskiya, kuma ƙorafinta yana cikin maganinka. Lokacin da Facebook ya cinye da rana, daga rabonta da na 'yarku kake biyan sa da dare. Ga shi babba yana buƙatar barcin awa 7 ko fiye, kai kuwa kana kwanciya ƙarfe ɗaya ka tashi Asuba. Ƙwaƙwalwar da ba ta ƙoshi da barci ba ita ta fi saurin gudu daga aiki mai wuya, don haka daren jiya ne yake haifar da shiriritar yau, shiriritar yau kuma ta sake haifar da wani daren. Wurin da ya fi sauƙin tsinka wannan igiya shi ne ka daina zuwa da laftof gida. In akwai alkawuran da suka riga suka hau kanka, ka gaya mata gaskiya, ka sa ranar da za ka gama su, daga ranar kuma laftof ya kwana a shago. Sanin cewa babu wani dare da za ka fake da shi zai sa ranar ta yi maka daraja. Ka faɗa mata abin da kake ƙoƙarin yi don ta taya ka da addu'a, amma kada ka mayar da ita mai gadinka, wannan yakan jawo saɓani a gida.

Ƙwallon ma ban ce ka bari ba. Dalilin da ya sa goge Facebook bai yi maka aiki ba shi ne ka toshe abin da rai yake so ba ka ba shi wani lokacin ba. Ka yanka masa nasa: rabin awa bayan an tashi daga shago ka kalli ƙwallayenka ka leƙa zaurukanka a waya, ranar wasa ka je gidan kallo da abokanka ka dawo. In ka ga rabin awar tana zarcewa, Digital Wellbeing da ke cikin saitin Android yana iya rufe manhaja in ta cika mintocin da ka ware mata.

In ka gwada wannan duka tsawon wata guda abin bai sauya ba, akwai mataki mai tsauri. Ka bar babbar wayar a gida, ka riƙa zuwa shago da ƙarama mai madannai. Layin shago ya koma hannun yaron fotokofi ko kawu, su karɓi fayiloli su miƙo maka a filash, kwamfutarka kuma a raba ta da intanet kwata-kwata, sai dai a kula da tace filash ɗin saboda bairos. Idan kuma ka lura rashin natsuwar ba a kwamfuta kaɗai yake ba, tun kana yaro kake fama da shi a aji da ko'ina, ko kuma yana tafe da baƙin ciki mai daɗewa, rashin barci ko yawan fargaba, to ka ga likita. Asibitin koyarwa na Shika yana kusa da kai, kuma babu abin kunya a neman irin wannan taimako.

Barin aikin dai ban ba ka shawararsa ba. Kana da sana'a a hannu a garin da ɗalibai ba sa yankewa, kana da iyali, kuma kusan duk aikin da za ka koma a yau akwai allo a cikinsa, wayarka ma za ta bi ka. In wata rana za ka bar shagon, ka bar shi don ka samu abin da ya fi shi, bayan ka gyara tsakaninka da kawu.

Kwanakin farko za ka ji hannunka yana ƙaiƙayi, za ka riƙa jin kamar ana can ana wani abu babu kai. Haka yake ga kowa, kuma yana raguwa. Wata rana za ka zame, ƙarfe sha ɗaya ta same ka a YouTube. Kada ka ce yinin ya riga ya lalace. Ka rufe, ka tashi ka sha ruwa, in ka idar da Azahar ka sake zare modem ɗin. Kuma kada ka ɗauki duk abin da na lissafa a rana ɗaya. Gobe ka fara da yanke intanet bayan ka sauke fayilolin safe da kuma nesanta wayar, cikin makon nan ka je wurin kawu da wurin ɗalibar, sauran su biyo baya. Bayan mako biyu ka sake rubuto mini da lissafin shafukan da abin da kawu ya ce, mu ga ko akwai inda za a ƙara gyarawa. Ka gaida maiɗakin naka da 'yar, Allah ya sa albarka a sana'ar.